Kwanon Asabe, Ƙusar Haruna

Kwanakin baya wani jikan ƙanena ya zo mini da ɗan injin nan mai kuka kamar sauro, wanda suke ɗaure rufi da shi yanzu. Ya ɗaga kai ya dubi kwanon zaurena ya ce, "Baba Tanko, wai wannan ne aikin da kuka yi shekara da shekaru kuna koyo? Ai sati ɗaya ma ya yi yawa." Na ce masa gaskiyarka, buga kwano sati ɗaya ya isa. Cire shi daga kan gidan da aure ya mutu, shi ne ke cin shekaru. Ya yi dariya, ya ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni. To saboda shi da ire-irensa na ari biro. A yi haƙuri da rubutun. Aji huɗu na yi a firamare, na biyar kuwa ta taga na leƙa shi, na ga bulalar ta fi ta bara tsawo, na juya.

Aikin farko da maigidana Baba Lasisi ya ba ni shi ne miƙe ƙusa. Bayarabe ne, amma ya daɗe a Lafiya har ya fi wasu 'yan gari sanin lunguna, don shi daga sama ya san su. Shekarar da aka tsaga jiha, aka raba mu da Makurɗi aka bar mu da Jos, ubana ya kai ni wurinsa. Na je da zumuɗin hawa tsani, sai ya dire mini gwangwanin madara cike da lanƙwasassun ƙusoshi, da wani baƙin dutse, ya ce, "Ƙusa ba ya mutuwa, Tanko, suma yake yi. Tashe shi." Damina ta shigo ta fita ina tashin sumammu. Babban yatsana na hagu har yau bai yafe wa guduma ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Guduma, zarto, igiya, tsanin gora, da ƙarfen cire ƙusa da muke ce wa kuroba. Sai ƙafa. Ƙafa ma kayan aiki ce, don ba takalmi ake hawa, kuma layin ƙusa ake bi, inda katako yake a ƙasa. Ka taka tsakiya, kwano ya lotsa, ka bar wa masu gida tabki a bisa kansu. Ƙusa mai hula a kan tudun kwano ake buga ta, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Sammako ake yi, kafin rana ta take a sauko, in ba haka ba tafin ƙafarka ya gasu har karnukan unguwa su fara zagaya tsani. Wannan duka shi ne na sati ɗayan.

Abin da yaran yanzu ba su sani ba shi ne yadda kwano ya hau gidajen talakawan garin nan. Ba a mota ya zo ba. Namiji zai ce bari ya sayar da doya ya sayi bandir guda, doya ta zo ta wuce, kuɗin ya bi ta wani wuri. Mace kuwa yau ta sayi falle ɗaya ta tura ƙarƙashin gado, bayan wata biyu ta ƙara wani. Masu gumin shinkafa, masu man gyaɗa, masu awara, haka suka yi ta tarawa. Ran da ya isa rufe ɗaki, kunya ta kama maigida ya je ya sayo katako da ƙusa, a kira mu. Mutane su wuce su ce, "Malam wane ya yi kwano." Shi kuma ya gyara hula ya ce alhamdu lillahi.

Ana zaman lafiya babu mai tambayar falle na wa ne. Sai an rabu.

Rufin farko da na ga an kwance a Agyaragu ne, a gidan wani manomin doya. Matarsa ta fita, danginta da nasa sun zauna sun gama maganar akuyoyi da aikin gonar da ya yi wa surukai, saura kwano, wanda kowa ya shaida da kuɗin riɗinta aka saya. Baba Lasisi ya hau ya cire, mata suka jeru suna ɗauka a ka, mutumin yana zaune a tsakar ɗakinsa rana na duka masa ƙeya. A hanyar dawowa, da muka kusa gari, maigidana ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Ka ga aikin banza. Shi ba rufi, ita rariya." Don kwanon da aka taɓa bugawa, in aka cire shi, duk huda ne, kuroba kuma ƙara yage bakin hudar take yi. Darajarsa ta faɗi tun kafin ya taɓa ƙasa.

Shi ya sa masu unguwa suka fi son a yi ƙiyasi, a bar kwano inda yake, miji ya biya matar. A nan ne kafinta yake zama shaida. Za ka shiga ɗaki ka dubi cikin kwanon, don tambarin kamfani a ciki yake, rana ba ta goge shi. Ka dubi tsatsa, ka ƙwanƙwasa ka ji kauri. Na bara da na shekara biyar ba sa yin murya ɗaya. Ka faɗi wanda aka fara bugawa, da wanda ya miƙo maka kuɗin aiki, sa'an nan ka faɗi abin da ya dace a biya. In mijin ya ce ka cuce shi, matar ma ta ce ka cuce ta, ka yi daidai ke nan, ka karɓi ladanka ka tafi. Na yi wannan sau da yawa bayan Baba Lasisi ya koma garinsu ya bar mini kurobarsa. Kullum kuma mamaki yake ba ni yadda mutum biyu za su haifi 'ya'ya su raba su ba gardama, amma su kwana uku a kan fallen da ya rufe makewayi.

Gidan Haruna mai faci a Tudun Gwandara ni na rufe shi, ba rana ɗaya ba. Haruna a bakin kasuwa yake da rumfa, yana facin keke da babur, mutum mai tsantseni, wanda zai wanke tsohon tif ya rataye ya ce wata rana. Matarsa Asabe gumin shinkafa take yi. A rabin duro take turara ta, ta shanya, ta kai inji, ta dawo ta auna wa 'yan kasuwa. Uwar Haruna, da kowa ke ce wa Iya, ita ce mai iza wuta da tsince tsakuwa. Idonta ya fara rauni, amma yatsunta sun san tsakuwa ko a cikin duhu. Iya ba ta kiran sunan Haruna, ɗan fari ne, sai ta ce Mai Faci. Ni kuma Na-Sama take ce mini.

Ɗakin Iya na fara rufewa, don Asabe ta ce tsohuwa ba za ta ci gaba da kwana ƙarƙashin ciyawa ita tana ƙarƙashin kwano ba. Bayan shekara biyu aka kira ni ɗakin Asabe da yara. Sai ɗakin Haruna. Daga ƙarshe 'yar rumfar da ake gumi. Kowane zuwa, Asabe ce ke jawo fallaye daga ƙarƙashin gado, Haruna kuma ya zo da katako da ƙusa a ƙunshe cikin takarda, ya tsaya a ƙasa yana kallon hannuna. In ƙusa ɗaya ta faɗo sai ya tsince ta ya miƙo mini.

Sai muguwar shekara ta zo. Zamanin soja ne, lokacin da naira ta zube, rediyo na ta cewa a ɗaure ciki. Farashin falle na safe ba shi ne na yamma ba. Mai shago zai faɗa maka kuɗi, ka je gida ka ɗauko, ka dawo ya ce wancan tsohon labari ne. Masu gini suka tsaya, wasu suka koma ciyawa, gudumata ta yi tsatsa a jaka. Har lodin doya na yi a tasha, da girmana. Abin da ya riƙe ni a sana'ar, Allah ya yafe mana, shi ne mutuwar aure. In tukunya ta ƙi tafasa, magana ce ke tafasa. A shekarar nan kurobata ta fi gudumata cin abinci.

Ban san abin da ya haɗa Haruna da Asabe ba. Kafinta daga sama yake ganin gida, yana ganin wanda ya shiga ɗakin wa, amma ba ya jin abin da aka faɗa. Na dai ji cewa saki ya cika uku, babu kome. Asabe ta yi iddarta a ɗakinta, ba ta fasa gumi ba ko rana ɗaya. A cikin iddar nan yayanta ya ba ta ɗan fili a hanyar Azuba, lokacin wurin duk gonaki ne, ta sa aka tayar mata da ɗaki ɗaya na jar ƙasa. Ta sayi katako da ɗan abin da ya rage mata. Bango ya tsaya, katako ya hau, babu kwano. Ga bazara ta yi nisa, kullum da yamma gabas sai ta haɗe fuska. Wanda ya san ruwan Lafiya ya san abin da yake yi wa bangon ƙasa marar rufi. In aka yi ruwa biyu masu ƙarfi, sabon ɗakin Asabe zai koma abin da aka yi shi da shi, kuma ba ta da kuɗin tayar da wani.

Aka kira ni zauren mai unguwa. Haruna na gefe ɗaya, Asabe na bakin ƙofa da mayafi, dattawa biyu suna tauna goro.

Mai unguwa ya ce, "Tanko, kai ka buga. Kwanon wa ke saman gidan Haruna?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kwano na Asabe ne tun daga ɗakin Iya har rumfa. Katako da ƙusa na Haruna."

Haruna ya ce, "To an ji. Ni ban taɓa cin haƙƙin kowa ba. Abin da ta saya da shi, shi zan biya ta, ko kwabo ba zan rage ba."

Asabe ta ce, "Ranka ya daɗe, a tambayi kafinta. Kuɗin nan nasa ɗaki zai rufe yau, ko akurki?"

Mai unguwa ya dube ni. Na yi lissafi a zuci na ce, "Akurki, ranka ya daɗe. In kajin ba su da yawa."

"Naira ce ta faɗi," in ji Haruna. "Ni na ture ta?"

"Ni ma ban ture ta ba. Kwano na sa a gidan nan, kwano nake so."

Ɗaya daga cikin dattawan ya tofar da goro ya ce, "Haruna, shari'a ma so take wanda ya saki mace ya sallame ta da ɗan alheri gwargwadon ƙarfinsa. Kai ba a ma zo kan alheri ba, a kan nata ake."

"Baba, gwargwadon ƙarfin nawa ke nan. Mutane sun daina faci, ciyawa suke cusa wa taya." Sai kuma ya ɗago. "To ta cire abinta. Amma ƙusa tawa ce. A bar mini ƙusata, kuma a miƙe, yadda na sayo ta."

Asabe ko ɗaga murya ba ta yi ba. Ta ce, "Madalla. Ni ma kwanona ba da huda na sayo shi ba. Ƙusar wa ta huda shi?"

Ni dai na manta da inda nake. Shekara goma da wani abu ina buga ƙusa a kwano, ban taɓa tambayar kaina hudar ta wa ce ba. A jikin kwano take, amma ƙusa ce ta yi ta. Kuma in za a bi gaskiya, ni na riƙe gudumar. Na matsa baya kaɗan kada wani ya tuna.

Haruna ya ce, "Ba don ƙusata ba, da tuni iska ta kai kwanonki Doma."

"Ba don kwanona ba, da ruwa ya ruɓar da katakonka, da yanzu kanka kake yi wa faci."

"Ke ma ai kin sha inuwarsa."

"Inuwar abina na sha. Kai inuwar wa ka sha?"

Mai unguwa ya ɗaga hannu yana danne dariya. Ya ce a bar maganar huda da inuwa, wannan sai manyan malamai. Ya tambayi Asabe, tun da ɗaki ɗaya za ta rufe, wanne take so a kwance. A nan maganar ta cije. Ta ce ba za ta taɓa nata ba, don 'ya'yanta maza biyu da za su zauna wurin ubansu a ciki suke kwana. Ba za ta taɓa na Iya ba, ko da za ta kwana a kan titi. Na rumfa kuwa tururi ya ci shi, kuma bai isa ba. Saura ɗaya.

Haruna ya miƙe tsaye. "Ɗakina? A bakin damina? In zama abin nuni a kasuwa?"

Mai unguwa ba ya son a ce a unguwarsa an tone magidanci ruwa na tafe. Ya ce a yi haƙuri zuwa kaka, Haruna ya nemi kuɗi a hankali ya sayo mata sabo. Asabe ta ce, "Ranka ya daɗe, bangon nawa ma za a gaya masa ya yi haƙuri zuwa kaka?" Aka tashi a kan za a sake zama. Da muka fito, iska mai ƙanshin ƙasa ta taso daga gabas, kowa ya ɗaga kai, kowa ya yi kamar bai gani ba.

Washegari da hantsi aka ce Iya na kirana, in zo da kuroba. Na same ta a ƙofar ɗakinta zaune a kan ƙullin kayanta, tabarma a naɗe, buta a gefe, har da faifan tsintar shinkafa.

Ta ce, "Na-Sama, hau ka kwance."

Na ce, "Iya, wanne?"

"Wanda nake zaune a gabansa. Idona ne ya mutu, ko naka?"

"To ke a ina za ki kwana?"

"Ƙarƙashinsa mana. Shekara nawa ina kwana ƙarƙashinsa, sai yau zan sake?"

Asabe ta fito daga rumfa da muciya a hannu tana cewa, "Iya, don Allah kar ki yi haka, na ce ban da naki." Iya ta ce, "Ke yi mini shiru. Jiya kun je kun raba kwano ku biyu, babu wanda ya kira ni. Wa ke iza wuta? Wa ke tsince tsakuwa har yatsu suka kanannaɗe? In ana maganar mai falle a saman gidan nan, ni ma ina da shi. Nawa zan ɗauka."

Kafin in kafa tsani an kai wa Haruna labari, ya zo a guje da sholisho, gam ɗin faci, a hannu. Ya durƙusa ya ce, "Iya, me na yi miki? Me mutane za su ce?"

"Su ce na bi kwanona."

"Iya, matar nan fa ba matata ba ce yanzu."

"Na sani, Mai Faci. Kai ka saki matarka. Ni ban saki abokiyar sana'ata ba. Ka iya gumi? In ka iya, in zauna."

Ya juyo wurina kamar ni zan cece shi. Ni kuwa ƙa'idar Baba Lasisi ɗaya ce: wanda ke kwana a ɗaki, in ya ce a kwance kuma kwanon ba na sata ba ne, a kwance. Na hau. Na sa ɗan katako a ƙarƙashin kuroba don kada ta lotsa tudun kwanon, na riƙa zare ƙusa a hankali ina jefowa. Haruna ya tashi daga durƙuson. Ya samo gwangwani, ya bi ƙasa yana tsince abinsa ɗaya bayan ɗaya. Na haɗa da 'yan fallayen rumfa masu sauran rai, aka ɗora a amalanke, Iya ta bi bayansa da sandarta, Asabe na riƙe da ƙullin. Unguwa kaf ta fito kallo. Na sha ganin mace ta bar gidan miji da gado, da akuya, da keken ɗinki. Ranar na fara ganin wadda ta fita da uwar miji.

Rufin hanyar Azuba shi ne aiki mafi wuya da na yi, kuma ɗaki ɗaya ne tak. In za ka mayar da tsohon kwano, dabara ita ce ka jera katako daidai da tsohon layin huda, ƙusa ta koma inda ta fito. Amma sabon ɗakin Asabe ya fi tsohon na Iya faɗi ya kuma gaza shi tsawo, wasu layuka suka dace, wasu suka ƙi. Ga ƙusa ta yi tsada kamar magani. 'Yar wadda Asabe ta iya saya ta ƙare ina tsakiyar aiki. Na kama gefe-gefe, sauran na danne da duwatsu da guntun itace, na ce mata wannan zai tare ruwa, amma in iska mai hankali ta zo, sai addu'a. Da rana tsaka na shiga ciki na ɗaga kai. Haske na zubowa ta ko'ina. Iya da ke cewa ba ta gani ta ce, "Na-Sama, ka iya aiki. Ka sa mini taurari da rana."

Bayan kwana biyu aka yi yayyafi da la'asar, ba mai yawa ba. Bango ya tsira, amma Iya ta jera kwanoni da ƙore a tsakar ɗaki, ta zauna a lungu da faifai a ka. Wata mai sayen shinkafa ta gani, kafin magariba labari ya isa kasuwa. An ce duk wanda ya kawo faci sai ya ce, "Malam Haruna, ya jikin Iya? An ce da lema take sallah." Wani ma ya ce, "Kai da kake toshe hudar duniya, ta uwarka ce ta gagare ka?"

Da sassafe na koma don in ƙara duwatsu, sai ga Haruna a kan keke. Ya ɗauro tsofaffin tif a baya, da gwangwanin kwalta, da almakashi, da gwangwanin nan na ƙusa. Ya miƙe ƙusoshin duka da kansa, kuma in faɗi gaskiya ya fi ni iyawa. Ya gaida Iya, bai dubi Asabe ba, ya tsaya a gindin tsani yana kallonsa kamar maciji.

Na ce, "Malam Haruna, ka taɓa hawa?"

Ya ce, "Sana'ata a ƙasa take."

Na ce, "To cire takalmi, ka bi layin ƙusa. In ka faɗo, kar ka faɗo ta ciki, za ka ƙara mana huda."

Da rarrafe ya yi aikin, amma ya yi shi. Ya yanka roba ƙanana-ƙanana, kowace ƙusa ya sa mata ɗaya a wuya kafin in buga, yadda ruwa ba zai bi jikinta ba. Tsofaffin hudoji kuma ya kankare tsatsar bakinsu kamar yadda yake kankare tif, ya shafa kwalta, ya manna roba, ya danna da babban yatsa yana ƙirga wani abu a ransa. Ni da nake taƙama da sana'a, ranar na koyi sa wa ƙusa roba, kuma ban daina ba har na ajiye guduma. Iya na ciki da sanda tana nuna inda haske ya rage, tana cewa, "Ga wata nan, Mai Faci. Wannan ma taka ce."

Da muka kusa gamawa Asabe ta fito daga wurin duronta, ta tsaya nesa ta ce wa iska, "A dai shaida, ƙusar da ke saman nan ba tawa ba ce. Kar gobe a kai ni gaban mai unguwa."

Haruna ya ce wa kwano, "Aro na ba Iya."

"To ran da aka tashi karɓa, a zo da Tanko."

Daren nan aka yi ruwa da iskar da ta kwashe rufi a unguwanni da yawa, na samu aikin da ya kai ni har kaka. Na Asabe bai motsa ba.

Ba a sake zama a zauren mai unguwa ba, kuma ba a mayar da aure ba, kada wani ya ƙara wa labarin gishiri. Haruna ya rufe ɗakin Iya da ciyawa ya mai da shi wurin ajiye taya. Sauran kwanon gidan Haruna kuwa, Asabe ta ce na yaranta ne, a bar shi a kansu. Abin da na sani shi ne, duk shekara in gabas ta fara haɗe fuska, sai ka ga Haruna a hanyar Azuba da gwangwanin kwalta. Ya gaida Iya, ya hau, ya duba facinsa, ya sauko a ba shi ruwa a kofi, ya tafi. Na tambayi wani malami ko wannan shi ne alherin sallama da dattijon nan ya ambata. Ya ce bai taɓa ganinsa a littafi da wannan siffa ba, amma bai ga abin da ya hana ba. Maganar huda kuwa ya ce zai duba. Har ya rasu bai gama dubawa ba.

Iya ta rasu a ɗakin nan, ƙarƙashin kwanonta. Bayanta da shekara ɗaya aka yi mana jiha, Lafiya ta zama babban birni, ma'aikata suka cika gari suna neman shinkafa da ɗakin haya. Asabe ta samu, ta ce za ta rushe ɗakin ta yi na bulo. Ta aika a kira ni in kwance rufin, lokacin gwiwa ta fara yi mini gardama, shi ne ma hawana na kusa da ƙarshe. Ina jefo ƙusa tana tsincewa. Da na sauko ta miƙo mini gwangwani ta ce, "Malam Tanko, kai ne shaida. Ka kai masa, ka ce aro ya ƙare, mun gode."

Na same shi a rumfarsa, furfura ta cika masa gemu. Na isar da saƙo. Ya karɓa, ya zazzage a kan benci, ya baza su da yatsa, kowace da 'yar robarta a wuya, duk sun yi tsatsa sun lanƙwashe. Sa'an nan ya ɗago ya ce, "Tanko, kana wurin. A gaban mai unguwa cewa na yi a miƙe."

Na duba, gaskiyarsa ce, haka ya ce. Na gyara zama na ce a miƙo mini dutse.